Yadda aka cire mini mahaifa a Kano, da dalilin da aikina ya bambanta da na ƙanwata

Mu uku ne a danginmu aka cire wa mahaifa, kuma kowacce da irin aikin da aka yi mata. Ta farko 'yar gwaggona ce da ke aure a wani ƙauye ta wajen Doguwa. Tana da shekara ashirin da 'yan kai naƙuda ta yi mata tsawo a gida, kafin a samu motar da za ta kai ta asibiti mahaifar ta fashe, jaririn ya koma, likitoci suka cire mahaifar don su tsayar da jini su ceci ranta. Ba a nemi ra'ayinta ba, domin ba ta san inda kanta yake ba. Ta biyu ƙanwata ce da ke zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila. Ita 'yan ƙananan huji aka yi mata a ciki, aka zura kyamara, ta kwana ɗaya a asibiti ta koma gida. Ni ce ta uku. A nan Kano, ina da shekara 46, aka yanka ni daga ƙasan cibiya zuwa mara. Ni da ƙanwata ciwonmu ɗaya, ƙarin mahaifa, wanda ake ce wa faibroid, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma tazarar shekarunmu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya raba mu shi ne inda kowacce take zaune, da girman da ƙarin ya yi kafin ta isa ɗakin tiyata.

Nawa da jini ya fara. Al'adar da na saba yi kwana biyar ta koma tana cin rabin wata, tana zuwa guda-guda. Ni malamar makaranta ce, aikin tsayuwa ne, sai na koma sa baƙin zani kullum, ina ninka audugar mata, ina duba kujera duk lokacin da na tashi. Malamarmu ta Islamiyya ta warware mini maganar salla: in ƙara kwana uku a kan kwanakin da na saba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, in yi wanka in ci gaba da ibada. Hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren, amma jiki yana ta ja baya. Hawa bene ɗaya sai na tsaya ina haki, ga jiri, ga bugun zuciya, ga fitsari a kai a kai saboda abin ya danne mini mafitsara.

Sikanin ɗin farko ya nuna ƙari 'yan ƙanana. Aka ba ni maganin ƙarin jini da na rage zubar, aka ce a sa ido, tun da ƙari yakan motse idan mace ta daina al'ada. Shawara ce da ake bayarwa a ko'ina, sai dai nawa bai jira ba. A tsakanin nan babu irin maganin da ba a kawo mini ba. Wannan ta zo da sassaƙe, waccan ta zo da gora daga masu tallar lasifika da ke rantsuwa cewa maganinsu yana narkar da ƙari ya fita ta fitsari. Duk da kyakkyawar niyya suka kawo, amma ƙari tsokar mahaifa ce da ta dunƙule, babu jiƙon da ke narkar da ita. Masu sayar da wannan alkawari suna cinye wa mata kuɗi, suna kuma cinye musu lokacin da za a iya yi musu ƙaramin aiki.

Da ciki ya fara tasowa har maƙwabta suna yi mini fatan sauka lafiya, sai aka rubuta mini takarda zuwa wajen likitocin mata a ɗaya daga cikin manyan asibitocin gari. Wanda bai taɓa bin wannan layin ba, ya shirya. Ana idar da sallar asuba ake fita, a yanki kati, a buɗe fayil, a biya kuɗi a riƙe rasit da kyau, sannan a zauna a benci. Ƙaramin likita ne yake fara ganinki, ya tambaye ki haihuwa nawa, ɓari nawa, ko an taɓa yi miki aiki, ya cika shafuka. Bayan nan babban likita ya shigo. Ya sa na kwanta, ya ɗora gefen hannunsa a saman cikina yana gangarowa a hankali har ya ci karo da tauri, yatsa biyu sama da cibiya. Ya juya ya ce da ƙananan likitocin da ke tare da shi mahaifar ta kai girman cikin mako 22. Haka suke auna ta, da makonnin juna biyu. Gwajin jini kuma ya nuna jinina ya yi ƙasa ƙwarai, har ya yi mamakin yadda nake zuwa aiki.

Ya shimfiɗa mini hanya biyu. Ko a ciccire ƙarin a bar mahaifa, ko a cire ta gaba ɗaya. Ta farko ita ake yi wa mai neman haihuwa, amma tana iya zubar da jini da yawa a wurin aiki idan ƙarin yana da yawa, kuma yana iya sake tsirowa. Ni 'ya'yana biyar, autana yana sakandare, kuma sikanin ya nuna ƙarin ya cika ko'ina. Ya ce shawararsa a cire, amma in je in yi tunani.

Na ce, "Likita, ƙanwata an yi mata irin wannan a waje, huji kawai aka yi mata. Ni ba za a yi mini haka ba?"

Ya ajiye biro ya ce, "Malama, da mahaifarki tana daidai cikin wata uku ne, da sai mu zauna mu yi maganar huji, ko ma a fito da ita ta ƙasa ba tare da an taɓa cikin ba. Taki ta haura cibiya. Kafin a fito da ita ta ƙaramin huji sai an yayyanka ta a ciki, kuma ba na son haka."

Ya bayyana mini cewa a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan na'urar da ke yayyanka mahaifa a cikin ciki, saboda a wasu 'yan tsirarun mata akan samu ciwon daji ɓoye a cikin abin da aka ɗauka ƙari ne, yayyankawar kuma takan watsa shi. Bai kuma ɓoye mini ɗaya ɓangaren ba. Aikin huji yana buƙatar kyamara da allo, da iskar gas da ake hura ciki da ita, da wutar da ba ta yankewa, da likita da ma'aikatan tiyata da suka saba da shi, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Ana yin sa a Najeriya, amma a wurare ƙalilan, ba kowace mace ce take kaiwa gare shi ba.

Da daddare na kira ƙanwata, muka jera labarinmu gefe da gefe. Ita tun da jini ya fara yi mata yawa likitan unguwarsu ya ba ta ƙwayar rage zuba. Da ba ta yi ba aka sa mata robar Mirena a cikin mahaifa, wadda ke sakin sinadari kaɗan-kaɗan yana rage jinin. Ana bibiyarta da sikanin. Sai da duk waɗannan suka gaza aka kai ga maganar cirewa, kuma a lokacin mahaifarta ba ta ma fito daga ƙugu ba. Ta ce a can tun 2007 ƙa'idar da likitoci ke bi ta hana a fara da cire mahaifa saboda yawan jini kawai, sai an gwada abin da ya fi sauƙi. Shi ya sa aikin ya ragu sosai a Ingila idan aka kwatanta da shekarun 1990.

Zaman jiran ranar aiki ya ba ni lokacin karatu, kuma abin da na gani ya girgiza ni. Na ɗauka ciwo ne kaɗai ke sa a cire wa mace mahaifa, ashe garin da take zaune ma yana da hannu. A Amurka, a farkon shekarun 2000, mata kusan 600,000 ake yi wa wannan aiki duk shekara, har ana ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku ba ta kaiwa shekara 60 da mahaifarta. A cikin ƙasar ma ba ɗaya ba ne, jihohin kudu sun fi na arewa maso gabas yawan yi. Wani likita mai suna John Wennberg ya gano cewa a jihar Maine akwai yankin da kashi 70 cikin 100 na mata ake cire wa kafin su kai shekara 70, alhali a wani yankin kashi 20 ne kacal, kuma matan ba su fi juna ciwo ba. Sabon likitocin wurin ne ya bambanta. Baƙaƙen fatar Amurka kuma, waɗanda ƙari ya fi kamawa kamar yadda yake kama mu (wani bincike na 2003 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 suna da shi kafin shekara 50), sun fi farare fuskantar yankan ciki, duk da cewa a ƙasar aka fara cire mahaifa da kyamara, lokacin da Harry Reich ya yi a 1988.

Na Indiya ne ya fi taɓa ni. Binciken lafiyar iyali na ƙasar na 2015 zuwa 2016 ya nuna mata kusan 3 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 an cire musu mahaifa, amma a jihar Andhra Pradesh kusan 9 ne, a Assam kuwa kusan 1. A gundumar Beed ta jihar Maharashtra, gwamnati da kanta ta faɗa a 2019 cewa an cire wa mata 4,605 cikin shekara uku. Da yawansu masu saran rake ne, ana cin su tara idan suka yi fashin aiki saboda al'ada, wasu asibitocin kuɗi kuma suna tsorata su da ciwon daji. A Suwizalan kuwa, a yankin Ticino, jaridu da rediyo suka yi ta bayyana wa mata yawan aikin da dalilan da suka halatta shi a 1984, sai adadin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da an kafa wata doka ba.

Su can damuwarsu yawan cirewa. Mu a nan tamu daban ce. Mace tana tsoron a taɓa mahaifarta, tana tsoron kuɗin, tana tsoron abin da dangin miji za su ce, sai ta yi ta haƙuri har ƙarin ya cika ciki, jini ya ƙare. Idan ta zo, hanya ɗaya ce ta rage. Ga kuma kason da ƙasashen da suka ci gaba ba su cika gani ba, na matan da ake cire wa cikin gaggawa a wurin haihuwa saboda fashewar mahaifa ko ɓallewar jini, yawancinsu yara da ƙuruciyarsu, daga garuruwan da asibitin da ke iya tiyata ya yi musu nisa.

Maganar gida ta fi ta asibiti nauyi. Maigidana bai ja ba, ya ce lafiyata ce gaba. Surukata ce ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke 'yar nan, kin yi tunani kuwa? Mace idan aka cire mata mahaifa ai an gama da ita." Na ce, "Hajiya, jinin nan ne zai gama da ni." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sa a yi a sa'a. Ban ga laifinta ba, abin da ta taso tana ji ke nan. Na ji mata masu ilimi ma suna cewa wadda aka yi wa aikin tana zama rami, ko sha'awa ta ɗauke mata. Na kai wa likita wannan maganar ba kunya, ya zana mini a takarda: ana ɗinke saman farji ya rufe, tsawonsa yana nan, sinadaran da ke riƙe da jikin mace kuma daga gidajen ƙwai suke fitowa, ba daga mahaifa ba.

A nan ne muka yi maganar da nake ganin kowace mace ya kamata ta yi kafin ta sa hannu. Za a cire gidajen ƙwai ko za a bar su? Idan aka cire su ga wadda ba ta daina al'ada ba, nan take take shiga halin tsayawar al'ada, da zafin jiki mai tasowa, da gumin dare, ƙashi kuma ya soma rauni da wuri. Muka yi da shi cewa idan ya buɗe ya ga lafiyarsu ƙalau zai bar su. Sai bakin mahaifa. Ni gaba ɗaya za a cire har da shi. Amma a aikin gaggawa sau da yawa ana barin sa saboda sauri, kuma wadda aka bar wa tana nan cikin masu buƙatar gwajin ciwon dajin bakin mahaifa. Na tuna 'yar gwaggona, na kira ta, ta ce ita dai an ce mata an cire, ba ta san me aka bari ba. Da ta zo duba ni na sa aka duba ta, aka samu bakin yana nan, aka yi mata gwajin.

Gwaje-gwaje sun ci kuɗi da ƙafa: jini, fitsari, ƙoda, hoton ƙirji, awon zuciya, gwajin bakin mahaifa, da ɗan abin da aka ɗebo daga cikin mahaifar don a tabbatar babu daji. Sannan aka ce a kawo masu ba da jini. Ƙannena maza da abokan babban ɗana suka je suka bayar, aka ƙara mini tun kafin aiki don jinina ya hau, aka ajiye saura. Takardar amincewa kuwa, nas ta fara miƙa wa maigidana, sai babban likita ya ce a ba ni, jikina ne, shi ya sa hannu a matsayin shaida. An taɓa ɗaga ranar saboda masu haihuwa da aka shigo da su rai a hannun Allah sun cika tiyata. Ban ji haushi ba, na san irin su wa aka shigar.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata dattijuwa daga wajen Ɗambatta, haihuwarta goma sha ɗaya, mahaifarta ta zazzago har tana leƙowa. Ita ta ƙasa aka cire mata, babu ko ƙwarzane a cikinta. Washegari tana zaune tana shan koko tana ba mu labari. Na tambayi wani ƙaramin likita a lokacin zagaye me ya sa ba a yawaita irin nata ba. Ya ce ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ma ita ta sa a gaba duk inda za ta yiwu, domin ta fi saurin warkewa kuma ba ta buƙatar na'ura mai tsada, amma a nan galibi sai mahaifa ta zazzago ake bin ta. Ya ce shi kansa yankan ciki ya fi gani tun da ya fara koyon aiki, kuma abin da hannu ya saba shi yake yi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Kyamara sai da kuɗi da wuta, amma wannan hanyar koyarwa kawai take nema, kuma ita ce ta fi dacewa da asibitocinmu na ƙananan hukumomi, ga matan da suka zo da wuri.

Ranar aiki ba ci ba sha tun tsakar dare. Aka sa mini rigar tiyata, aka ɗaura ruwa, aka tura ni a gado. Abin da na riƙe shi ne sanyin ɗakin, da mai ba da maganin barci yana cewa, "Hajiya, ki yi addu'arki, ki ja numfashi." Na farka da nauyi a mara, maƙogwaro a bushe, da robar fitsari a jikina. Daga baya maigidana ya ba ni labarin yadda aka kira shi ƙofar tiyata aka nuna masa abin da aka ciro a cikin kwanon silba, ƙari mafi girma a ciki ya kai kwakwa. Aka zuba a roba mai murfi da ruwan magani, aka manna sunana, ƙanena ya ɗauka da hannunsa ya kai ɗakin gwaji ya karɓo rasit. Wannan matakin kada a yi wasa da shi, wasu iyalai sukan tafi da abin gida su binne, alhali gwajin ne kaɗai zai tabbatar ko ƙari ne zalla.

Daren farko da wuya. Tari ma sai na rungume matashi a ciki. Gari na wayewa wata sista ta zo ta ce, "Hajiya, tashi za ki yi." Na ce, "Sista, ɗinkin zai farke." Ta ce ba zai farke ba, kwanciyar ce ke sa jini ya daskare a ƙafa. Ta sa na juya gefe, na sauke ƙafafu, na dafa kafaɗarta, muka taka zuwa bakin ƙofa muka dawo. Kowane likita ya zo tambayarsa ɗaya, ko iska ta fita, domin ita ce alamar hanji ya farka. Da ta fita aka ba ni ruwan ɗumi, sai shayi, sai kunu. Na yi kusan mako guda kafin a sallame ni, dattijuwar Ɗambatta kuwa tuni ta tafi.

A gida sai da na tsaya tsayin daka a kan abu ɗaya. Yayata ta haɗa ruwan zafi da ganye za ta gasa mini ciki irin na jego, na ce, "Yaya, likita ya hana, ɗinki ba ya son wannan." Ta ce ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, su sun san abin da ya dace. Da ƙyar ta haƙura ta koma dafa mini farfesu da zogale. An hana ni ɗaga abu mai nauyi, da daka, da wanki, da kusantar miji har sai an duba ni bayan mako shida. Salla a zaune na yi ta yi. Adaidaita sahu kuwa na ƙaurace masa saboda ramukan hanya. Ƙanwata ta ce ita a mako na uku har ta fara tuƙi, ni a lokacin ina koyon miƙewa sosai.

Akwai ranar da na zauna na yi kuka ba tare da wani ciwo ba. Ba haihuwa nake so ba, amma wurin da 'ya'yana biyar suka kwanta ne aka ɗauke, kuma raina ya ji. Na faɗa wa likita da na koma, ya ce mata da yawa suna jin haka, idan ya daɗe ko ya hana ni barci in dawo a duba. Bai daɗe ba.

Sakamakon gwaji ya fito, ƙari ne zalla babu daji. Likita ya duba ɗinkin ciki da na sama ya ce sun kame, jinina ya hau, gidajen ƙwai biyu suna nan kamar yadda muka yi. Ya gargaɗe ni cewa tun da ba zan ƙara ganin al'ada ba, alamun tsayawarta ne kawai za su gaya mini idan lokacin ya zo, kuma wani lokaci yakan ɗan zo da wuri ga waɗanda aka yi wa aikin. Ya rubuta mini takardar komawa makaranta, da sharaɗin a ba ni azuzuwan ƙasa har ƙarshen zango.